Lafia: Titunan bayan babban titi da bolar da ta rasa mai ita

Tituna iri uku ne suka haɗu a garin Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, kuma kowanne da irin gatansa. Na farko shi ne tagwayen titin tarayya da ya taso daga Abuja, ya bi ta Keffi da Akwanga, ya ratsa Lafia ya nufi Makurdi. Kamfanin China Harbour ne ya yi aikinsa da rancen bankin Exim na ƙasar Sin, aka kuma fara karɓar kuɗin hanya a kansa a watan Fabrairun 2025. Na biyu su ne titunan da gwamnatin jiha ta shimfiɗa a cikin gari, haɗe da gadar sama da ta ƙarƙashin ƙasa da Shugaba Tinubu ya buɗe a watan Yunin 2025. Na uku kuwa su ne layuka da lungunan jar ƙasa da suka ɓulle daga waɗannan manyan tituna suka shige unguwanni irin su Tudun Gwandara, Bukan Sidi, Sabon Fegi, Tudun Kauri da Tudun Amba, inda akasarin mutanen gari suke kwana suke tashi.

Titi na farko yana da ma'aikatar ayyuka ta tarayya. Na biyu yana da ma'aikatar ayyuka ta jiha. Na uku, a rubuce, na ƙaramar hukuma ne, tare da magudanar da ke gefensa da jujin da ke ƙarshensa. Amma idan damina ta faɗi, ruwa ya ci layi, shara ta toshe kwalbati, mazauna unguwa kan rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Sakatariyar ƙaramar hukuma ta nuna hukumomin jiha, hukumomin jiha su nuna kundin tsarin mulki. Wannan rashin takamaiman mai alhaki shi ne tushen matsalar, kuma kuɗi kaɗai ba za su warware shi ba.

Garin da ya girme wa tsarinsa

Muhammadu Dunama ne ya kafa Lafia tare da jama'arsa Barebari, abin da ya sa ake kiran garin Lafiyar Barebari. Daga baya layin dogon gabas da ya haɗa Fatakwal da Kafanchan ya bi ta garin, ya mayar da shi matattarar doya, riɗi, agushi da shinkafa. Duk da haka, har zuwa tsakiyar shekarun 1990 Lafia hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai a tsohuwar Jihar Filato. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, garin ya wayi gari da ma'aikatu, gidan gwamnati da majalisar dokoki.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Lafia mutum 330,712. Bayan wannan ƙidaya aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafia a 2011, aka gina filin jirgin sama a Kwandere da babbar tashar wuta a Akurba, waɗanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2022. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo ma'aikata, ɗalibai, 'yan kasuwa da masu neman fili. Rikice-rikicen ƙauyuka ma sun koro iyalai da dama zuwa gefen gari. Gonakin jiya suka zama unguwanni, sau da yawa ba tare da an ware hanya mai faɗi, ko magudana, ko filin zuba shara ba.

Sannan ƙaramar hukumar ba birni ba ce zalla. Mazaɓunta 13 sun haɗa da na cikin gari kamar Ciroma, Gayam, Makama da Zanwa, da na karkara kamar Assakio, Adogi da Arikya. Asusu ɗaya ne ake sa ran ya gyara kwalbatin da manomin doya zai bi ya fito da amfaninsa, ya kuma kwashe sharar babban birnin jiha.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wata ƙura ba game da ayyukan ƙaramar hukuma. Ya lissafa gina tituna da layuka da kula da su, fitilun kan titi, magudanan ruwa, lambuna da filayen shaƙatawa. Ya lissafa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da makewayin jama'a. Ya ambaci kwashe shara da ƙazanta ƙarara, ya ƙara da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya.

Sai dai sashe na 7 na wannan kundi ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon yin dokar da za ta tsara kafuwar ƙananan hukumomi, tsarinsu, kuɗinsu da ayyukansu. Ta wannan ƙofa ce jihohi da dama suka kafa hukumomin da ke yin aikin da jadawalin ya lissafa. A Nasarawa akwai hukumar raya birane ta NUDB mai ba da izinin gini, akwai hukumar NAGIS mai kula da takardun filaye, akwai hukumar kwashe shara ta jiha, ga kuma ma'aikatar muhalli. Dalilin kafa su ba ɓoyayye ba ne: ƙaramar hukuma ɗaya ba ta da katafila, tifa da injiniyoyin da babban birni yake buƙata. Ayyukan titunan cikin gari da aka yi a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura daga 2011 zuwa 2019, da waɗanda gwamnatin Abdullahi Sule ta ɗora a kai, sun sauya fuskar Lafia ta yadda asusun ƙaramar hukuma ba zai iya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hukumomin jiha kan fi ƙarfi a kan manyan tituna irin su hanyar Jos, hanyar Makurdi, hanyar Shendam da hanyar Doma. Da zarar an karya kwana aka shiga layi na biyu ko na uku, sai hannun jiha ya gajarta, ita kuma ƙaramar hukumar da ya kamata ta karɓa ta riga ta saba da cewa cikin gari ba nata ba ne.

Nauyin zama babban birni

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: zama babban birnin jiha yana rage wa ƙaramar hukuma hanyoyin samun kuɗi a daidai lokacin da yake ƙara mata nauyi. Dokar rabon haraji ta 1998 ta ba ƙananan hukumomi kuɗin rajistar sunan titi, amma ta cire titunan babban birnin jiha ta ba jiha. Ta ba su harajin kasuwa, amma ta cire duk kasuwar da kuɗin jiha ya shiga gininta. Dokar filaye ta 1978 kuma ta sanya filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Ma'ana, filaye mafiya daraja da kasuwanni mafiya ciniki a Lafia ba lallai ne su zuba komai kai tsaye a asusun hukumar da kundin tsarin mulki ya ce ta kwashe shararsu ba.

Abin da ya rage mata shi ne harajin shaguna da rumfuna, kuɗin mayanka, kuɗin tasha, da harajin gidaje. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan kuɗin birane a ƙasashe da yawa, amma ba ya karɓuwa sai an san gidajen, an yi wa layuka suna, an sanya lamba a ƙofa. A unguwar da ake kwatance da bishiyar mangwaro ko injin niƙa, babu rajistar da mai karɓar haraji zai riƙe, babu kuma adireshin da motar shara za ta bi. Mai gida ya ƙi biya domin bai ga aiki ba, hukuma ta kasa aiki domin ba a biya ba.

Yadda shara ke cin titi

Rahoton Bankin Duniya na 2018 kan shara ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da kimanin kilo 0.46 a rana, ana kwashe ƙasa da rabin abin da ake tarawa, kuma fiye da kashi biyu bisa uku yana ƙarewa a buɗaɗɗen juji. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Lafia za ta fitar da kusan tan 150 kowace rana, wato sawu 15 na tifa mai ɗaukar tan 10. Wannan lissafi ne na jama'ar da aka ƙidaya kusan shekara ashirin da suka wuce, kafin jami'a da sabbin unguwanni.

Sharar da mota ba ta zo ta ɗauka ba, ba ta ɓacewa. Wata a ba yaro da baro ya kai kangon da ba a gina ba. Wata a ƙona da yamma, hayaƙin leda ya cika unguwa. Wata a ajiye a tsakiyar tagwayen titi da dare, domin mutane sun gane nan ne kaɗai motar hukuma take bi. Wata kuma a jira hadari ya haɗo a juye a magudana, da fatan ruwa zai tafi da ita. 'Yan bola-jari suna tsince ƙarfe, gwangwani da robar da ke da kasuwa, amma ledar fiya-wata da baƙar leda ba mai saye.

Daga nan ne matsalar shara take komawa matsalar titi. Daminar Lafia kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwanta mai ƙarfi ne. Leda da yashi su toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya hau kan titi. Idan kwalta ce, ruwan ya ratsa ta tsaga ya jiƙa marmarar da ke ƙarƙashi, mota mai nauyi ta taka, rami ya buɗe. Idan jar ƙasa ce, ruwan ya yanke ta, ƙaramin rami ya zama kwazazzabo har ya fara cin harsashin gidaje. Abin da ya tsira daga magudana kuma ya gangara rafuka da kogin Amba. Yashe magudana aiki ne na shebur, baro da leburori. Sake gina titin da ruwa ya cinye kuwa kwangila ce ta miliyoyin naira. Amma kasafi ya fi son na biyun, domin shi ne ake yanka masa kirtani a ɗauki hoto.

Asarar ba ta tsaya a kan kwalta ba. Ruwan da ya kwanta a magudana shi ne gidan sauron zazzaɓin cizon sauro. Juji kusa da gida yana tara ɓeraye, masu yaɗa zazzaɓin Lassa. Ambaliyar da ta bi ta kan ƙazanta ta faɗa rijiya ita ce hanyar kwalara. Mai keke-napep ya ƙi shiga layin da ya lalace, mace mai naƙuda ta jira a bakin titi, kuɗin da bai shiga yashe magudana ba ya fita daga aljihun talaka a kantin magani.

Asabar ɗin ƙarshen wata da duba-gari

Jihar Nasarawa na cikin jihohin da suka riƙe al'adar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja ta 1984. Akan taƙaita zirga-zirga da safe, kotun tafi-da-gidanka ta hukunta waɗanda suka buɗe shago ko suka fito da abin hawa. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana fito da matasa da ƙungiyoyin unguwa aikin gayya. Rauninsa kuma sananne ne a garuruwa da yawa: a yashe magudana a tara dattin a bakinta, idan mota ba ta zo ba kafin ruwan gaba, sai ya koma inda ya fito. Hukunta mai shagon da ya buɗe da wuri alhali babu wurin zuba shara na halal a unguwarsa, barin jaki ne ana dukan taiki.

Ana yawan kafa misali da Kigali, babban birnin Ruwanda, inda ake aikin gayya na Umuganda a Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin da ake mantawa shi ne, ƙasar ta haramta ledar zuba kaya tun 2008, kuma gidaje suna biyan kuɗin kwashe shara ga kamfanonin da aka raba wa unguwanni. Ranar gayya a can ƙari ce a kan aikin da ke tafiya kullum.

Dattawan Arewa sun san wani tsari makamancin haka. A zamanin En'e, duba-gari yana shiga gida-gida ya duba randa, masai da kwata, mai unguwa na biye da shi, alkali na jiran wanda ya ƙi gyara. An yi kuka da tsananinsa, amma kowa ya san wanda ke da alhakin layinsa. Jami'an lafiyar muhalli na yau su ne magadan duba-gari, kuma aikinsu na ƙaramar hukuma ne tun asali. Masarautar Lafia, ƙarƙashin Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, tsohon alkalin Kotun Ƙoli da ya hau gadon sarauta a 2019, tana da hakimai, dagatai da masu unguwanni da suka san mai kowane kango. Wannan sani jari ne da babu hukumar jiha da za ta iya saye.

Hukuncin Kotun Ƙoli da abin da bai warware ba

A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin kayayyaki. Shekara da shekaru wannan kaso yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada. Kafin ya iso, an cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu da ayyukan haɗin gwiwa. Ma'aikatan ƙananan hukumomin Nasarawa ba su manta da shekarun da aka riƙa biyansu albashi kaso-kaso ba. Hukumar da ta kasa cika albashi ba za ta sayi gireda ba.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, wanda ya ce a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye, ya kuma haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Nasarawa ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Nuwamban 2024, jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 13 duka. Aiwatar da biyan kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, ana taƙaddama kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya da sharuɗɗan binciken kuɗi.

Ko da kowace naira ta iso hannun shugaban ƙaramar hukumar Lafia gobe, hukuncin bai ce komai ba game da wanda zai yashe magudanar wani layi a Tudun Gwandara. Bai mayar da harajin babbar kasuwa ba, bai sauya dokar filaye ba, bai rushe wata hukumar jiha ba. Sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 kuma ya ƙara nauyin da ke kan asusun. Mazauna Abuja sun ga misalin haka a 2025, lokacin da malaman firamare na ƙananan hukumomin birnin tarayya suka shafe watanni suna yajin aiki a kan wannan albashi. Waɗanda ke kwana a Mararaba da Masaka, a ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, suna wucewa ta gefen irin wannan tarin shara kowace safiya a hanyarsu ta zuwa ofis.

Hannun Abuja a cikin lamarin

Da yawa daga cikin kayan more rayuwa da ake gani a unguwannin garuruwa irin Lafia, daga fitilu masu aiki da hasken rana zuwa rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani, suna zuwa ne ta ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, kuma hukumar ICPC take bin sawunsu tun 2019. Hadiman 'yan majalisa da jami'an ma'aikatu ne ke rubuta waɗannan ayyuka a kasafi. Sau da yawa takardar tana ƙarewa a ranar miƙa aiki. Ba ta faɗi wanda zai sauya batirin fitila idan ya mutu, ko wanda zai gyara famfon burtsatse ba. Ƙaramar hukumar da ba a shawarta ba wajen zaɓar wuri ba ta ɗaukar aikin a matsayin nata.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne idan aka gwada shi da kuɗin gada ɗaya. Na farko, jiha da ƙaramar hukuma su fitar da rubutaccen jerin tituna da magudanan Lafia, kowanne da sunan hukumar da ke da alhakinsa, a liƙa shi a ofishin mai unguwa da na kansila. Na biyu, kowace mazaɓa ta samu wurin tara shara da aka amince da shi da ranar da mota ke zuwa, kafin a fara cin tarar masu zubarwa barkatai. Na uku, a ware wani kaso na dindindin don yashe magudanai a watannin Fabrairu da Maris, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, kada a amince da aikin mazaɓa sai da takardar da ta nuna wanda zai karɓe shi da kuɗin kula da shi. Na biyar, ƙaramar hukuma ta riƙa bayyana abin da ta karɓa da abin da ta kashe a kowane wata, tun da alƙaluman rabon kuɗin tarayya dama a fili suke. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda Nasarawa ke cikinsa, zai iya taimakawa wajen manyan kwazazzabai, amma ba zai zo ya cire leda daga bakin kwalbati ba.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hikimar kafa ƙaramar hukuma ke nan: kansilan Gayam ko na Ciroma ya fi kowane darakta a Abuja sanin kwalbatin da ke toshewa da ruwan farko. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan sani da iko, da kayan aiki, da kuma sunan wanda za a tuhuma idan aikin bai yiwu ba. Muddin titin unguwa yana da hukumomi huɗu a takarda kuma babu ko ɗaya a fili, kowace damina za ta ci gaba da karɓar harajinta daga gidajen da suka fi kowa rashin hali.